Tsarabar Kaka daga Zanzibar

Har yau in na wuce shagon kayan yaji a unguwar Faisal, ƙamshin kanumfari ya bugi hancina, sai in tsaya. Kakata nake tunawa, da ɗan ɗakinmu na unguwar Ard al-Liwa.

Mu biyu ne kawai a Alƙahira. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, da rainon 'ya'yan wani likita take ciyar da mu. A shekarar da aka yi ta dokar hana fita, likitan ya kwashi iyalinsa zuwa hutu Tanzaniya, aka tafi da Kaka don ta riƙe jariri. Ni aka bar ni wajen wata 'yar Sudan a hawan ƙasa, ina kwana rungume da ɗankwalinta.

Ta dawo jakarta cike da kanumfari da kirfa, bakinta cike da labari, amma ta ƙi ba ni ko kaɗan. A garinsu, in ji ta, matafiyi ba ya zubar da labari a tsaye. Sai ya raba tsaraba gida-gida, mutane su zo sannu da zuwa, sannan ya buɗe baki. Ta yayyaga tsohon zane, ta ƙuƙƙulla kanumfari, ta aike ni ƙofa-ƙofa. Wasu ta tsagar ƙofa suka karɓa, wata kuma ta zaci talla nake yi ta kore ni. Ban gaya wa Kaka ba.

Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta dafa shayi tukunya guda, ta jera kofuna, ta ɗaura zanenta na Sallah. Duk motsin da ta ji a matakala sai ta gyara zama. Shayi ya huce, ta ɗumama, ya sake hucewa. 'Yar Sudan ɗin ma tana wajen aiki. Tausayin Kaka ya hana ni kallon fuskarta.

Da aka kira magariba na ce, "Kaka, ma'alish, yi haƙuri, ƙila gobe su zo."

"Khalas, shi ke nan, 'yar nan. Zo ki zauna, ke ma ai mutum ce."

Bayan mun yi sallah ta fara. A gandun daji giwaye sun tare hanya, direba ya kashe mota, kowa na ɗaukar hoto, ita kuwa tana ta addu'a da jariri a goye. Zakin da ake ta zuzutawa kuma, a kwance suka same shi yana hamma kamar malalacin miji. A tsibirin Zanzibar ta ga kanumfari a shanye bakin hanya yadda ake shanya barkono a garinsu. Wata tsohuwa ta ja hannunta ta zaunar da ita, suka yini suna tsince shi, ba mai jin yaren wata. Tana ba ni labarin, idonta na kan ƙofa.

Ta rasu ba wanda ya ji labarin nan sai ni. Yanzu matafiyi kan watsa hotuna a waya tun bai sauka daga jirgi ba, ba mai jiran kowa. Ni dai maƙwabtana sun ɗauke ni mai shisshigi, don in na ga an hau da akwati sai in bi in buga ƙofa, in ce sannu da zuwa. Yawancinsu kallona kawai suke yi. Amma bara wani tsoho ya ce in shigo, ban samu fitowa ba sai bayan isha'i.