Agogon Maganin Dada

Yayana, wanda muke kira Hamma, gyaran rediyo da talabijin yake yi a cikin garin Mubi. Shi ya haɗa wa mahaifiyarmu, Dada, agogo da hannunsa lokacin da hawan jini ya kama ta, don ya riƙa yin ƙara idan lokacin shan magani ya yi. Ni ce nake zaune da Dada a ƙauyen Duvu tun bayan rasuwar mijina.

Agogon da sola yake aiki. Da damina ta kankama, hadari ya riƙa rufe rana, sai wuta ta ɗauke, agogon ya manta lokaci. Wata rana ya yi ƙara muna tsakiyar sallar la'asar. Na kira Hamma na faɗa masa.

Ranar Juma'a ya zo a bayan ɗan acaɓa, shi da kullum yake tuƙo babur ɗinsa. Rigarsa ta yi masa yawa. Dada ta daɗe tana kallonsa.

"Ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci, Dada. Aiki ne kawai."

Ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya kwance agogon. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu, bai kai ƙwayar wake ba, ya ce shi ne yake riƙe lokaci. Ya fito da batir mai kama da maɓallin riga.

"Idan wuta ta ɗauke, zai koma kan wannan. Fuskar agogon za ta mutu, ƙarar ma haka, shi kaɗai zai ci gaba da ƙirga a hankali. Amma sai na saita shi ya rage cin wuta, in ba haka ba zai zuƙe batirin kafin kaka."

Da ya zo liƙa wayar batirin da dalma, hannunsa ya hau rawa. Ya gwada, ya sake gwadawa, dalmar tana ɗiga gefe. Ya ajiye ƙarfen liƙin, ya dubi ƙofar ɗakin Dada, sannan ya rage murya.

"Riƙe mini wuyan hannu."

Na riƙe. Jikinsa zafi rau. A haka muka liƙa wayar, ya jona agogon da kwamfutarsa ya gama saitin. Yana mayar da murfi ya gaya mini ciwon hanta ne, likita ya ce ya yi nisa. Ya roƙe ni kada Dada ta ji tukuna.

Ya zare wayar sola don gwaji, muka ci tuwo, ya mayar. Lokaci ya fito daidai. Ya yi dariya har da tafi, ya kira Dada ta zo ta gani.

Ana yankan dawa ya rasu. Da aka yi sadakar bakwai, Dada ta ce in kashe ƙarar, ba za ta iya jin ta ba. Na zare wayar sola, fuskar ta yi baƙi. Na sa hannu zan ciro ɗan batirin, ta tsayar da ni.

"Wannan bar shi. Yayanki ne ya sa shi."

Yanzu ni nake tuna mata magani. Wani lokaci ta karɓa, wani lokaci ta juya fuska bango ta ce in ajiye, za ta sha anjima.