Matuƙiya Mai Atishawa

Matar da ke zaune kusa da ni a ɗakin jiran likita a garin Dubbo za ta kai shekara hamsin. Rana ta ƙona mata wuya, takalmanta duk jar ƙasa, hancinta ya yi jawur don yawan gogewa. Watan Oktoba ne, ciyawa ta yi fure, ƙurar furen ta sa rabin gari na atishawa. Mu dai tamu ba ta hana mu neman abinci. Ita kuwa matuƙiyar jirgin sama ce, na ji tana gaya wa nas ta zo gwajin sabunta lasisi. Ina jin cikin masu kai magani da saƙo gonakin nesa take.

Tana matse hanci da yatsu biyu, ta rufe baki, ta hura a hankali, ta karkata kai tana sauraron ko kunnuwanta za su buɗe. In kunnuwan ba su buɗe ba, likita ba zai bari ta tashi sama ba.

Wani dattijo ya miƙo mata ƙwayar maganin mura. "Haɗiyi wannan, 'yar nan, yanzu ki ji garau."

"Baba, wannan ai barci take sawa. So kake in sauka a kan tumakin mutane?" Ta nuna masa kwalbar maganin feshin hanci. "Wannan aka yarda da shi, tun hunturu nake fesawa."

Ta sake hurawa, sai fuskarta ta saki. "Duka biyun sun buɗe," ta ce a hankali.

Nas ta leƙo. "Noelene Pascoe?"

Ta miƙe, ta tsaya bakin ƙofa, ta saki atishawa mai ƙarfi.

"Gara a nan waje da a gaban likita," ta ce, ta shige tana dariya.