Ragon Arɗo a Bayan Babur

Na daɗe a duniya, abubuwa da yawa da na gani tuni sun shafe daga zuciyata, amma abin da ya sami yayana a kan hanyar Tsafe ba zai bar ni ba sai ran da aka rufe ni da ƙasa.

Lokacin saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ban daɗe da komowa gida ba bayan dogon yawo. Na yi soja, na yi fataucin goro a Kumasi, na zauna Fort Lamy, na leƙa Sudan, na dawo ba da wata dukiya ba sai harsunan mutane a bakina. Na tarar da yayana yana aikin En'e a Gusau. Malamin huji ne, wato mai bin rugage yana yi wa shanu allurar rigakafin bushiya. Gidanmu na Bungudu kacokan a wuyansa yake, da Inna, da iyalinsa, da marayun da wani ƙanenmu ya bari.

Da babur yake yawon aikin, wani tsoho da soja suka bari bayan yaƙi. Inji lafiyayye, ƙarfe kamar na gada, sai dai bayansa ba shi da sifirin ko ɗaya. Tayar baya a ɗaure take da jikin babur, duk abin da ta taka kai tsaye yake hawowa ƙashin bayan mutum. Hanyoyinmu kuwa a lokacin jar ƙasa ce mai gargada. Na hau raƙumi a Sudan, na hau alfadari a tsaunukan Bama lokacin yaƙi, ba wanda ya jijjiga ni kamar babur ɗin nan ran da ya ɗauko ni daga Gusau zuwa Bungudu, tafiyar da ba ta da wani nisa.

Shekaru yana wannan, har baya ya ƙi. In ya dawo rangadi sai ya kashe babur ya ɗan zauna a kai, sannan ya dafa bango ya sauko a hankali. A zaune ya koma yin salla. Inna ta yi gashi da ruwan zafi, wanzami ya yi ƙaho, duk a banza. Daga baya Baturen dabbobi ya lura. Ya kira shi ofis ya ce masa, ba da faɗa ba, in lokacin huji na gaba ya zo bai iya rangadi ba, dole a nemi wani. Ga shi shekarunsa a aiki ba su kai na fansho ba.

Ran da ya gaya mini muna zaune a zaure, bai dube ni ba. Ya ce, "In aikin ga ya tahi, mi za ni ce ma Inna? Ba ni iya riƙe kwasar noma da bayan ga."

Shi da kansa ya gano mafita. Wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, ya kawo sabon babur, irin mai lilo a baya, da shakazoba biyu masu shanye tsallen hanya. Yayana ya roƙa ya ɗana, ya dawo yana cewa kamar a kan tabarma yake. Sabo ya fi ƙarfinsa, amma aka gaya masa akwai wani bakanike a Sabon Gari da zai iya mayar da tsohon nasa haka. Mutumin Dahome ne, ya yi aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa, yana da injin walda. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin kasuwa ba, don haka ni na zama tafinta, muna yi da Faransanci, in ya ƙare mana mu haɗa da Yarbanci.

Mutumin ya san aikinsa, ba zan zalunce shi ba. Na ga makanikai a Kumasi da Fort Lamy, kaɗan ne suka kai shi tsanaki. Ya ce zai yanke bayan babur ya yi masa hannu mai lilo, ya sa shakazoba biyu, ya kuma canza sifirin na gaba da ya riga ya saki. Amma kafin a yi odar kayan daga kanti sai ya san nauyin mai hawa, don sifirin iri-iri ne, in ya yi tauri ba a yi komai ba. Sai muka tafi wurin awon gyaɗa kusa da tashar jirgi, yayana ya hau sikeli da rigarsa da rawaninsa. Leburori suka taru suna dariya.

Wani ya ce, "Malam, ai ko buhu guda ba ka cika ba! Wanga in Bature ya gani sai ya ce a ƙaro mudu."

Wani ya ce, "A bincika shi, kada a samu an zuba tsakuwa ciki."

Yayana ya yi dariya har yana riƙe baya. Bakanike ya ce in tambaye shi ko yana ɗaukar wani kaya. Ya ce akwatin magani ne kawai da buzun salla. Aka ɗora su aka auna. Gaskiya ya faɗa iyakar saninsa, ni ma haka na fassara. A wajenmu abin da aka ba mutum a hanya ba a kiransa kaya. Alheri ne, ba kuma a lissafa shi kafin ya zo. Baƙon nan daga bakin teku bai san da wannan ba, mu da muka sani bai faɗo mana a rai ba.

Yayana ya sayar da bijimansa biyu na noma. Kaya suka iso a jirgi, aka yi aiki, babur ya fito. Ran da ya fara hawa zuwa Bungudu ya sauko ba tare da ya dafa bango ba. Inna ta tsaya bakin ƙofa tana kallonsa, ta ce, "Yau ɗana ya shigo gida kamar mutane." A makonnin nan ya koma salla a tsaye. Wannan ne ɗan farin cikin da muka samu a cikin al'amarin, bai kuwa daɗe ba.

Akwai wani Arɗo da ke zaune da mutanensa a dajin Tsafe, mai shanu da yawa, wanda ya daɗe yana ƙin huji. Dalilinsa shi ne dalilin Fulani duka a lokacin. Wanda ya huda shanunka ya ƙirga su, wanda ya ƙirga su kuma zai iya kai wa masu karɓar jangali. Yayana ya yi ta zarya wurinsa har ya shawo kansa, Baturen dabbobi kuma ya sa ido a kan wannan garken, don in ya shigo sauran rugagen za su biyo. Aka yi huji lafiya, aka gama ranar kasuwar Tsafe. Ni ma na je a mota don sayen fatu, sai na tarar da su a bakin kasuwa bayan azahar suna sallama.

Arɗo ya sa aka jawo wani farin rago mai ƙiba, da gora cike da man shanu. Mai garin wurin da aka yi hujin, don kada a bar shi a baya, ya aiko da buhun gero. Ina tsaye Arɗo ya naɗe hannun riga, tsoho da shi, ya ɗaure ƙafafun ragon, ya sa aka ɗora buhun a bayan sirdi, ya aza ragon a kai, ya tamke da igiyar rama da hannunsa. Da kafin gyaran babur ne ba wanda zai ko duba, ya sha ɗaukar abin da ya fi haka. Amma da yayana ya hau, sai na ga bayan babur ya durƙusa, har ƙarfen da ke rufe taya ya kusa taɓa ta.

Na matsa kusa na yi masa magana da Turanci don kada a ji. Na ce ya bari in sa ragon da buhun a motarmu.

Ya amsa mini ƙasa-ƙasa yana yi wa jama'a murmushi. Ya ce, "Da hannunsa ya ɗaure. In na kwance a gaban mutanensa, cewa zai yi na ƙi cin abinsa don ina da niyyar kai ƙirga. Kafin gari ya waye sun tashi, ba kuma zan sake ganin ko ɗan maraƙi ba."

Na san gaskiya ya faɗa. Na zauna da Larabawan daji masu shanu a gabas da Cadi, su ma haka suke, wanda ya karɓi kyautarka ya shiga alkawari da kai, wanda ya mayar da ita ya gaya maka abin da ke ransa. Muka yi shawara da sauri zai lallaba ya fita gari, ya jira ni gindin wata tsamiya da ke bayan rafi, in motarmu ta iso a sauke kayan.

Arɗo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, yanzu mun zama 'yan'uwa. Allah hokku jam." Yayana ya ce amin, ya tayar da babur. 'Ya'yan Arɗo suka yi masa rakiya da gudu suna ɗaga sanduna har bayan gari, don haka ko a can bai sami damar tsayawa ba.

Motarmu ta ƙi cika. Na yi ta yi wa direba magiya, yana cewa, "Maigida, ko kai za ka biya kuɗin kujerun?" Sai bayan la'asar muka tashi.

Bai kai tsamiyar ba. Kafin ita akwai gangaren rafi, busasshe a lokacin, inda hanya ke faɗawa ta sake hawa. Tun daga nesa muka hangi mutane a tsaye. Babur yana kwance can gefe, gero ya watse a kan hanya, gora ya fashe. Yayana yana rigingine a kan duwatsun rafin, idonsa biyu. Wata mata mai tallan nono da ta ga abin ta ce babur ya gangaro a hankali, da ya kai ƙasan rafi sai ragon ya zabura, bayan babur ya ƙara nutsewa, tayar baya ta tsaya cak kamar an riƙe ta. Ragon kuwa igiya ta tsinke, yana tsaye bakin hanya yana cin geron.

Na durƙusa kusa da shi. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Ka taɓa mini ƙahwahuna in ji." Na riƙe su na matsa. Ya ce, "Taɓa mana." Sai na juya fuskata.

A kan buhunan fatu muka kai shi asibitin Gusau. Bakaniken ya zo washegari, ya tsaya bakin gado yana juya hularsa, ya ce in gaya masa da ya san za a ɗauki kaya da ya sa sifirin mai ƙarfi. Yayana ya ce in gaya masa ba laifinsa ba ne, rabon wahala ne. Na fassara wa kowa maganar ɗan'uwansa, ban taɓa jin harsunan da na koya sun zama marasa amfani kamar ranar ba.

Likita ya yi iyakar yinsa ya sallame mu. Muka kai shi Bungudu, maɗori ya zo ya duba ya girgiza kai. Kafin damina ta faɗi an naɗa sabon malamin huji. Inna ta daina fita ko ƙofar gida. Na bar zancen komawa fatauci, na ɗauki fartanya ina koyon noman da na guje wa tun ina saurayi, ba bijimi, ba gwaninta. Marayun nan aka raba su gidajen dangi.

Bayan wasu watanni sai ga Arɗo da kansa a Bungudu, ya zo dubiya, yana jaye da wani ragon. Abin da ya ji kawai shi ne Malam ya faɗi a babur. Kafin a shigo da shi yayana ya kama hannuna ya ce, "In ka hwaɗa mashi, ban yahe maka ba." Arɗo ya zauna a ƙasa kusa da shimfiɗar, ya ce sabon malamin ya je, kuma ya ba shi shanun duka ya huda, har rugagen maƙwabta sun kawo nasu, saboda alkawarin da ke tsakaninsa da wannan da ke kwance. Yayana ya yi masa godiya, ya karɓi ragon, ya sa aka ɗaure a tsakar gida. Da baƙon ya tafi sai ya juya ga bango. Bai sake tashi daga shimfiɗar nan ba, shekarar da ta zagayo Allah ya karɓi abinsa. Arɗo ya zo ta'aziyya, ban gaya masa ba.

Abin da na koya shi ne, duk gyaran da za ka yi wa abin da kake rayuwa da shi, kada ka duba ciwon da yake ba ka kawai, ka tuna da nauyin da ya daɗe yana ɗaukar maka ba ka lura ba. Mu mutane ne da ba ma iya cewa a'a ga alheri, ko da zai karya mu. Tunda ba za mu daina ba, sai mu bar masa wuri tun daga gida.