Abincin sati a kwano ɗaya

Na dawo daga buro, wurin aikina, na iske robobina a kife, an wanke su tas.

Jiya na wuni ina dafa zogale da wake ba mai, na rarraba abincin sati a robobin na jera cikin sanyin firigo. Likita ya ce sai na rage nauyi zai yi mani aikin rage tumbi. Yanzu ko salla a zaune nake yi.

Ashe dangi suka zo daga Cadakori, Inna ta juye masu duka.

"Inna, maganina ne fa."

"Baƙo ya tashi da yunwa a gidana? Ga tuwonki can, har da man shanu."

Ina kuka na cinye shi.

Jama'a, yaya mutum zai rame a gidan da tuwo ne ƙauna?