Rigunan Giwa

Ni ce mai dafa shayi a ɗakin 'yan jinya. Gidan da nake aiki na masu ciwon daji ne waɗanda magani ya gama nasa, sai dai a rage musu raɗaɗi, a sa su dariya in an samu hali. Kowace Laraba ana tara masu jinyarsu a sha shayi, kowa ya amayar da abin da ke cinsa. Mai kuka ya yi, mai zagin dangin da suka gudu ya zaga. Ni ma nakan taya.

Mutum ɗaya ne ya ƙi shiga, wani dattijo da muke ce wa Tela. Rayuwarsa kaf a wani ɗan shago ya yi ta, ƙarƙashin bene, yana sa zif yana rage ƙafar wando. Allah bai ba su haihuwa ba, dangi kuwa sai dai a waya. Da matarsa ta kwanta ya rufe shagon, ya dawo bencin da ke bakin ɗakinta, da jaka da allura. Giwa yake kiranta. Farkon jin sunan sai da na kauda kai don kada in yi dariya, domin matar da na sani ko ƙaramar nas ɗinmu tana ɗaga ta cak.

Na yi masa tayin shiga har bakina ya gaji. Kullum sai ya ce ya gode, aiki ne a hannunsa. In ajiye masa shayi, in dawo in tarar ya huce bai taɓa ba. Rannan haushi ya kama ni, na ce wai ɗinkin nan ba ya ƙarewa ne, na janye rigar daga cinyarsa. Sai na ji gefenta da kauri kamar igiya. An ninke yadin ciki, an sake ninkewa, ɗinki a kan ɗinki.

Ya leƙa ƙofa, sannan ya faɗa mini ƙasa-ƙasa. Duk sanda ya kai kayanta wanki, sai ya tsuke su kaɗan kafin ya dawo da su, don kada ta sa riga ta ji tana iyo a ciki. Madubin gida ma tuni ya cire. Burinsa ɗaya ne, ta tafi ba ta san yadda ciwon ya cinye ta ba. Na ce to me ya hana ya yanke rarar ya huta? Ya ce almakashi ba zai taɓa kayanta ba, in ya yanke ai ya yarda ke nan. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa.

Ba a jima ba ina shafa wa Giwa mai a hannu, yana can waje, sai ta juya bakin rigarta ta nuna mini ninkin.

"Matar tela ce ni, 'yar'uwa," ta ce. "Tun ɗinkin farko na ji shi a haƙarƙarina. Ki bar shi ya yi ta yi. Don Allah kada ya san na sani."

Wallahi ranar har kofi na fasa a wurin wanke-wanke. Mutum biyu, bango ɗaya tsakaninsu, kowa yana dakon kayansa shi kaɗai don ya sauƙaƙa wa ɗan'uwansa! Ni kuma an bar ni a tsakiya da baki a ɗaure. Abin ya ci ni ƙwarai.

Wata safiya Giwa ta cika, hannunta a cikin nasa. Bencin ya zama fayau, na ɗauka shi ke nan mun rabu.

Sai ga shi wata Laraba a bakin ƙofa, da jakarsa. Bai jira tayi ba ya shigo ya zauna. Ya zaro wata shuɗiyar riga da reza, ya shiga warware ɗinkin, layi bayan layi, zare yana zuba a ƙasa. Da ya gama ya miƙe ya buɗe ta, hannuwansa biyu a ware, kuma duk da haka yadin bai gama miƙewa ba.

"Ga Giwa," ya ce. "Ku ba ku same ta ba."

Ya ba mu labarin yadda take cika ƙofar shago har haske ya ɗauke masa ya kasa zura zare, da yadda dariyarta ke sa na saman bene leƙowa. Ya yi magana har murya ta dushe. Da aka watse ya tsaya ina tattara kofuna, yana ta ninke rigar.

"Mai shayi, ke kina yawan zama da ita," ya ce. "Ba ta taɓa ganewa ba, ko?"

Na dubi yatsunsa, duk sun sha sukar allura.

"Ko kusa," na ce. "Ai hannunka ya iya aiki."

Ya gyaɗa kai, ya jawo kofin da na ajiye masa. Ya riga ya huce, amma ya shanye shi tas.