Kada Ka Cika Ƙusa

Wani dattijo Kirista, siriri, sanye da tsohon kwat, yana kwance cikin akwatin gawa a shagon Almustapha kafinta, kan hanyar Fika. Akwatin na dattijon ne, gwadawa yake yi. Daga jin tarinsa, ina zaton likitoci sun sallame shi.

Yana tura murfin da tafin hannu.

"Malam, kada ka cika ƙusa."

Almustapha ya ce, "Baba, ina kuma za ka?"

"Fita mana! Yesu ya tashi daga kabari, ni ma zan tashi. In ba haka ba, zuwana coci asarar takalmi ce."

Masu faɗin imani da baki sun ishe ni. Wannan kuwa ya ƙi fitowa, sai da Almustapha ya kafa wa murfin mariƙi ta ciki.