Mutumin da Ya Zama Littafi

A tashar 'yan kabu-kabu ta Bagudo wani dogon mutum ke tsaye, laka har gwiwar wandonsa, leɓɓansa a bushe. Da gani bai karya ba. Manoman Kaoje sun kewaye shi da wayoyi, suna ta kiran sunansa, Mutawakkil.

Shi ya mayar musu da manhajar gargaɗin ambaliya zuwa Hausa, don masu ita sun ce kowa ya gyara, ya raba. Amma littafin bayaninta, da ya ƙetaro daga Benin da Faransanci, an hana a fassara shi. Sai shi ya zama littafin, ƙauye bayan ƙauye.

"Ɗana, in ta nuna ja, mi za mu yi?" in ji wani dattijo.

"Ku kwashe shinkafa ku hau tudu, Baba." Muryarsa ta dishe. "Wane irin 'yanci ne wannan? An ba mu jirgin ruwa, an riƙe filafilin tuƙi!"

Kogi na ta cika, ga mutanen ƙauyen Kende ba su ji bayanin ba tukuna. Ya hau bayan babur ɗin wani ɗan kabu-kabu, ya buɗe baki zai faɗi inda za shi. Murya ta ƙi fita. Sai ya nuna hanya da hannu.